Me Ke Mayar da Mutane Ɗakin Tiyata Bayan Tiyatar Rage Ƙiba? Tambayoyi da Amsoshi

Mutum ya tara kuɗi, ya kwanta an rage masa tumbi, ya sauke kilo 40, gida da waje ana ta yi masa barka. Shekara 4 ko 5 bayan nan sai ga shi a gaban wani likitan, yana tambaya da murya ƙasa-ƙasa ko za a iya sake yi masa. Irin wannan mutumin ba shi kaɗai ba ne, kuma ba kullum dawowar ƙiba ce ta kawo shi ba. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tiyata ta biyu.

Me ake nufi da tiyatar gyara?

Duk aikin da aka sake yi wa tumbi ko hanji saboda tiyatar rage ƙiba ta farko. Wani lokaci gyara ne kawai: an ɗinke inda ya buɗe, ko an buɗa inda ya tsuke. Wani lokaci kuma sauyi ne, a mayar da wannan irin tiyata zuwa wata. Akwai kuma warwarewa, wato a mayar da hanyar abinci yadda take a da, idan irin aikin da aka yi yana warwaruwa.

Cire fatar da ta saki bayan rama ba ya cikin wannan lissafi. Haka ma zuƙe kitse, wanda mutane da yawa ke haɗa shi da tiyatar rage ƙiba. Wannan aikin kwalliya ne, fata da kitsen ƙarƙashinta yake taɓawa, babu ruwansa da tumbi.

Tiyatar farkon iri nawa ce, kuma me ya sa hakan ke da muhimmanci?

Saboda kowace da irin matsalar da take haifarwa. Likita ba zai ce komai ba sai ya san wacce aka yi maka.

Ta zobe ita ce mafi sauƙi: ana ɗaura wani zoben roba a wuyan tumbi, da ɗan bututu zuwa ƙarƙashin fata inda ake ƙara ruwa ko ragewa don a matse ko a sassauta. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da zoben Lap-Band a 2001, ya yi tashe sosai, daga baya kasuwarsa ta faɗi.

Ta silif, wadda yanzu aka fi yi a duniya, ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbi a fitar da shi gaba ɗaya, a bar siririn bututu kamar hannun riga. Abin da aka yanke ya tafi kenan.

Ta baifas kuwa sunanta ya faɗi aikinta, kamar hanyar da manyan motoci ke bi su kewaye gari. Ana keɓe 'yar jaka daga saman tumbi, ba ta wuce girman ƙwai ba, a jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Wani likita a Jami'ar Ayowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara ta a shekarun 1960. A 1997 Robert Rutledge ya fito da wata mai mahaɗa ɗaya tak, wadda ake kira ƙaramar baifas. Sai kuma masu ƙarfi fiye da waɗannan, da ke haɗa silif da tsallake hanji mai tsawo.

Dawowar ƙiba ce babban dalili?

Tana sahun gaba, ita da ƙwannafi. Amma a raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Akwai wanda tun farko bai sauke abin da ake fata ba, akwai kuma wanda ya sauke da kyau, daga baya sikeli ya fara hawa.

Yawanci nauyi kan kai ƙarshen saukarsa tsakanin shekara 1 zuwa 2 bayan tiyata. Daga nan ɗan hawa abu ne da ake sa rai da shi. A Suwidin an fara wani babban bincike a 1987, aka bi mutane kimanin 4,000 shekara da shekaru, rabinsu an yi musu tiyata. Waɗanda aka yi wa baifas sun sauke kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a farko, bayan shekara 10 abin ya tsaya a kashi 25. Masu zobe sun fara da kashi 20, suka tsaya a 14. Ka ga wanda ya taso daga kilo 140 ya sauka 95, sannan ya zauna a 105, bai yi asara ba, musamman idan sugansa da hawan jininsa sun lafa. Wanda ake duba wa batun tiyata ta biyu shi ne wanda nauyin ke ta hawa babu tsayawa, ciwon suga ya dawo, minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci sun dawo, gwiwoyi sun sake kasa ɗaukarsa.

Masu kallon ƙwallo za su tuna Diego Maradona. An yi masa baifas a 2005 a birnin Kartahena na Kolombiya, ya rame har mutane suka yi mamaki. A 2015 aka sake kwantar da shi a Marakaibo ta Benezuwela aka yi masa ta biyu. Kuɗi da manyan likitoci ba su hana jikinsa yin abin da jiki ke yi ba.

To laifina ne, ko tumbin ne ya sake buɗewa?

Wannan tambayar ita ce ke hana mutane komawa asibiti, don kunya. Wata sai ta shekara 2 tana ɓoye wa likitanta, tana cewa a ranta ita ce ta ɓata aikin da bakinta.

Gaskiyar magana, abin yakan haɗa ɓangare uku. Na farko jiki ne da kansa. Idan nauyi ya sauka da yawa, jiki kan rage yawan abin da yake ƙonawa, ya kuma ƙara kiran yunwa, kamar mai neman bashin da ake binsa. Akwai wani sinadari mai suna girelin da ke ta da yunwa, kuma yawancinsa daga saman tumbi yake fitowa, wurin da ake yankewa a silif. Shi ya sa watannin farko mutum ke mantawa da abinci. Wannan hutun ba ya ɗorewa a kan kowa.

Na biyu shi ne aikin. Silif na iya faɗaɗa da shekaru, ko kuma tun farko an bar saman tumbin da yawa ba a yanke ba. A baifas jakar na iya girma, ko ƙofar da ke tsakaninta da hanji ta buɗe, abinci ya riƙa zarcewa ba ya tsayawa balle a ji ƙoshi. Wani lokaci ma wata ɓarauniyar hanya kan ɓulle tsakanin jakar da tsohon tumbin da aka keɓe, abinci ya koma bin hanyarsa ta da.

Na uku shi ne ci, kuma a nan ba zan yi wa kowa kara ba. Tiyata na tare loma, ba ta tare kurɓa. Wanda ba zai iya cinye malmalar tuwo ɗaya ba, zai iya shanye kofin fura da nono da suga, ya bi da shayi mai kaurin madara, da yamma ya ɗora lemon kwalba, duk su wuce salin-alin. Haka cin ɗan wannan da ɗan wancan tun safe har dare: cincin, biskit, gyaɗa, dabino. Babu lokacin da cikin ya cika, amma lissafin yini ya haura. Wasu magungunan ma na sa ƙiba, irin su insulin, sitiroyid da wasu na taɓin hankali, don haka a nuna wa likita duk abin da ake sha.

Amfanin rarrabe waɗannan shi ne wuƙa na gyara na biyun ne kawai kai tsaye. Idan kofin fura ne matsalar, ko sau uku aka sake ɗinke tumbin zai wuce.

An yi min silif, yanzu ƙwannafi ya hana ni barci. Wannan ma dalili ne?

Babban dalili kuwa. Silif na mayar da tumbi siririn bututu mai matsi a ciki, ga ƙofar ƙasa tana nan da ƙarfinta, sai ruwan tsamin ciki ya nemi hanya ta sama. Idan kuma akwai ɓular da saman tumbi ke leƙawa ta cikinta zuwa ƙirji, abin sai ya ƙaru. Wani da dare zai farka da ruwa mai ɗaci a maƙogwaro, wani tari ne da dushewar murya, wani har haƙoransa su fara lalacewa. Gwaji biyu da aka yi a Suwizalan da Finlan, waɗanda aka fitar da sakamakonsu na shekara 5 a 2018, sun kwatanta silif da baifas. Wajen rage nauyi tazarar ba ta da yawa, amma ƙwannafi ya fi addabar masu silif.

Ana farawa da magani irin su omeprazole, da ɗaga kan gado, da daina cin abinci dab da kwanciya. Da yawa wannan ya ishe su. Idan ya ƙi, ko aka leƙa da kyamara aka ga tsamin ya fara cinye fatar hanyar abinci, ko ya sauya mata kama zuwa abin da likitoci ke kira Barrett, wanda kan iya zama share fagen ciwon daji ga wasu 'yan kaɗan, to maganin da aka fi yarda da shi shi ne a mayar da silif ɗin baifas mai mahaɗa biyu, wato babbar baifas ba ƙaramar ba. 'Yar jakar ba ta samar da tsami mai yawa, kuma ruwan matsarmama ba ya samun hanyar hawowa. A cikin dukkan dalilan tiyata ta biyu, wannan na daga cikin waɗanda aka fi ganin amfaninsu da wuri.

Abin lura: Barrett na iya samuwa ba tare da mutum ya ji ƙwannafi mai tsanani ba. Don haka ake ba masu silif shawarar a leƙa cikinsu da kyamara bayan 'yan shekaru, ko da suna jin garau.

Masu zobe fa?

Su ne suka fi kowa komawa. Zoben baƙon abu ne a jiki: yana iya zamewa, yana iya cin bangon tumbi har ya shige ciki, bututunsa na iya tsinkewa ko ya kama ƙwayar cuta, hanyar abinci kuma na iya faɗaɗa saboda shekarun da ta yi tana tura abinci ta matsattsiyar ƙofa. Ana cire shi, sannan a yi silif ko baifas, ko dai a zama ɗaya ko bayan 'yan watanni idan wurin ya huce. Wanda aka cire wa zobe ba a yi masa komai a madadinsa ba, yawanci nauyin kan dawo.

Na ji ana cewa baifas ce gangariya. Ita ma ana sake taɓa ta?

Ana yi. Matsalarta da aka fi sani ita ce gyambo a daidai mahaɗar jaka da hanji. Abin da ke jawo shi sananne ne: taba da shisha, ƙwayar cutar H. pylori da ke zama a tumbi, da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da aspirin. A wurin da mutum zai shiga kemis ya ce a haɗa masa na gajiya, a ba shi ƙwayoyi 4 ko 5 a leda babu suna, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Mai baifas ya riƙa tambayar sunan kowace ƙwaya. Yawancin gyambon na warkewa da magani. Wanda ya ƙi warkewa, ko yake zubar da jini, ko ya huda, shi ake sake yi wa aiki.

Akwai kuma shigar hanji cikin wani gurbi da sauya masa hanya ya bari. Idan kitsen ciki ya narke, gurbin kan buɗe, hanji ya zura ya murɗe. Alamarsa murɗar ciki ce mai zuwa tana tafiya, sau da yawa bayan cin abinci, kuma rana ɗaya tana iya zama ta gaggawa.

Wasu kuma suga ne ke wahalar da su. Sun sha abu mai zaƙi, ya zarce hanji da gudu, sai zufa, bugun zuciya, jiri da gudawa. Ga wasu, awa 1 zuwa 3 bayan cin abinci sugan jininsu ke faɗuwa har su suma. Gyaran abinci na magance mafi yawa, ƙalilan ne ake kaiwa ga tsuke musu ƙofar jakar ko warware aikin. Masu ƙaramar baifas kuwa, ruwan matsarmama ne kan hawo musu, mai ɗaci, wanda maganin ƙwannafi ba ya yi wa komai. Su ma akan mayar da tasu mai mahaɗa biyu.

Akwai wanda ake sake yi wa don ya rame da yawa?

Akwai, kodayake ba su da yawa. Idan hanjin da aka tsallake ya yi tsawo, jiki ba ya samun abin gina shi: ƙafafu su kumbura, gashi ya zube, gudawa mai maiƙo ta ƙi tsayawa, jini ya yi ƙasa. Ana fara ba da furotin, bitamin da sinadarin ƙarfe, wani lokaci ta jijiya. Idan bai yi ba, sai a sake aikin a mayar wa abinci wani yanki na hanjin.

Wanda kuma yake ta amai makonni, ko don silif ɗin ya murɗe ko don mahaɗa ta tsuke, kada ya zauna yana jira. Bitamin B1 na ƙarewa cikin 'yan makonni, kuma rashinsa na taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya.

Ta biyun ta fi ta farko haɗari?

Ta fi. Likitan farko ya samu wuri sabo fil, na biyu kuwa tabo zai tarar, da kayan ciki da suka manne wa juna, da naman da jini bai cika ratsa shi kamar da ba. Aikin ya fi daɗewa, yiwuwar yoyo a wurin ɗinki da zubar jini sun fi yawa. Har yanzu akasari ta ƙananan huji ake yi da kyamara, amma hannu ya bambanta. Ka tambayi likita kai tsaye: irin wannan gyaran nawa yake yi a shekara, kuma idan yoyo ya faru da tsakar dare wa zai duba ka? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Me za a duba kafin a yanke shawara?

Za a leƙa da kyamara ta baki. Za a ba ka wani farin ruwa ka sha a ɗauki hoto, a ga siffar tumbin da yadda abu ke wucewa. Wani lokaci a ƙara da sikanin, ko awon tsami da ƙarfin hanyar abinci. Sai gwajin jini, da zama da masanin abinci, da kuma mai duba lafiyar tunani, don cin abinci saboda damuwa ba ya fita a hoto. Duk wanda ya yanka maka farashi da ranar tiyata ta WhatsApp bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ka yi hattara da shi.

Babu wata hanya sai wuƙa?

Yau akwai, kuma wannan ya sauya lissafi sosai. Alluran rage ƙiba na mako-mako, semaglutide da aka amince da shi a Amurka da sunan Wegovy a 2021, da tirzepatide mai sunan Zepbound a 2023, suna aiki a kan waɗanda aka taɓa yi wa tiyata. Aibinsu tsada, da tashin zuciya, da kuma cewa idan aka daina nauyin kan dawo. Jabunsu ma sun shiga kasuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kai a 2024.

Ga mai baifas da ƙofarsa ta buɗe, ana iya shiga ta baki a tsuke ta da ɗinki ba tare da an huda ciki ba. Nauyin da ake saukewa bai kai na tiyata ba, amma haɗarin ma bai kai ba. Inda ya tsuke kuwa, da 'yar balan-balan ake buɗa shi. Sai dai allura ba ta gyara zoben da ya zame ko hanjin da ya murɗe.

A ƙasar waje aka yi min. Dole can zan koma?

Ba dole ba ne, amma dole ka san abin da aka yi maka. Mutanenmu da dama Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai suke zuwa, su dawo bayan mako guda da ledar magani da lambar wayar wakili. Shekaru na wucewa lambar ta daina shiga. Ka nemi rahoton tiyatar a rubuce da Turanci: wace iri ce, tsawon hanjin da aka tsallake santimita nawa ne, an gyara ɓular saman tumbi ko ba a gyara ba, an rufe guraben hanji ko an bar su. Wannan takarda na iya rage wa likita na biyu lalube a cikin cikinka. Ka kuma samu likita a kusa da gida da zai riƙa duba jininka aƙalla sau ɗaya a shekara, don bitamin da ake sha bayan wannan tiyata na har abada ne, kuma daina shi na cikin abin da ke kwantar da mutane.

Ina batun juna biyu da azumi?

Ana ba mace shawarar ta jira wata 12 zuwa 18 bayan tiyata kafin ta ɗauki ciki, ta farko ce ko ta biyu. Hajiyar da ke da baifas, idan tana da juna biyu ta ji murɗar ciki mai tsanani, ta faɗa wa ungozoma da likita tarihinta tun daga bakin ƙofa, kada a ɗauka laulayi ne.

Azumi kuwa, a watannin farko likitoci kan hana, saboda tumbin ba ya ɗaukar ruwan da zai riƙe mutum yini guda, kuma addini ya yi wa mara lafiya rangwame. Daga baya da yawa suna yi lafiya. Wurin da ake samun matsala shi ne buɗa-baki: kunu mai suga, zoɓo da soye-soye a tashi ɗaya. A fara da ruwa kurɓi-kurɓi, a ɗan jira, sannan a ci mai gina jiki.

Wace alama ce ba a jira da ita?

Ciwon ciki mai tsanani da ya ƙi lafawa, amai ba ƙaƙƙautawa, aman jini ko baƙin bayan gida, kumburin ciki tare da ɗaukewar tusa da bayan gida. A makonnin farko bayan aiki kuma, zazzaɓi, ciwon kafaɗar hagu, ko bugun zuciya da ya haura 120 a minti, ko da ciwon cikin ba shi da yawa. Tsufan tiyatar ba kariya ba ne. Lisa Marie Presley, 'yar mawaƙin nan Elvis, ta rasu a Janairun 2023, kuma binciken gawa ya nuna toshewar ƙaramin hanji ce, daga mannewar da wata tiyatar rage ƙiba ta shekarun baya ta bari.

Idan aka sake yi min, zan rame kamar karon farko?

Da wuya, kuma gara ka ji tun yanzu. Wanda aka cire wa zobe aka yi masa baifas kan samu saukar kirki. Daga silif zuwa baifas, ƙwannafi ne ke tafiya, nauyin da ke sauka matsakaici ne. Idan nauyin ne ainihin damuwar mai silif, akan duba ƙara masa tsallake hanji mai tsawo, irin aikin da likitoci a Madrid suka bayyana a 2007. Wannan ba baƙon tunani ba ne, don asali silif matakin farko ce da ake yi wa masu ƙiba sosai kafin a dawo a kammala. Wannan ƙarin aikin na rage nauyi fiye da sauran, amma farashinsa yawan zuwa bayan gida da ƙwayoyin bitamin da yawa kullum, da gwajin jinin da ba a tsallakewa. Mai baifas da ƙiba ta dawo masa shi ne zaɓinsa ya fi ƙunci, shi ya sa likitoci da yawa ke fara gwada masa allura ko ɗinki ta baki kafin a yi maganar ƙara tsawon hanjin da aka tsallake.